Matar da Ba Ta Kalli Kyamara Ba

Akwai hoton nan da ke rataye a ɗakina saman rediyo, wanda duk shekara in za a yi fentin Sallah sai ɗayanku ya sauke shi ya kifa a kan gado, wai ya manta bai mayar ba. Na san ba mantuwa ba ce. Ina jin abin da kuke faɗa in kun zaci barci nake: wai tsohuwar ko kyamara ba ta kalla ba, idonta na can sama kamar mai neman ƙadangare a silin, wai aikin ɗan koyo ne, kuma ba ku ga abin da zai sa mutum ya rataye fuskar matar da ba 'yar uwarsa ba. Uwarku ma ta taɓa tambayata, da muryar nan tata mai sanyi wadda ta fi ihu haɗari, ko akwai abin da ya kamata ta sani. Ita na ba ta amsa tuntuni. Ku ne kuka rage. Zan rubuta muku da ɗan karatun da na tsinta a firamare kafin ni da malamin lissafi mu rabu kowa ya huta. In kun ga wani harafi ya ɓace, ku nemo shi da kanku, ku da kuka yi boko har ya ishe ku.

Kun fi sabawa da jin ana ce mini Baba Foto, har ƙananan cikinku suna zaton da kyamara a wuya aka haife ni. Sale Mai Agogo ne sunana a Jimeta fiye da rabin rayuwata. Teburina mai gilashi yana bakin babbar kasuwa, kuma sana'ar agogo sana'a ce ta mai sunkuyar da kai. Mutum ya zo, ya miƙo hannu, ka kwance, ka manna gilashi a ido ɗaya, ka duƙa. Na san wuyan hannun rabin ma'aikatan garin nan, na san wanda gashin hannunsa ya yi furfura da wanda ke da tabon ƙuna, amma in mun haɗu a masallaci sai ya gaishe ni in rasa ko wane ne. Haka na tsufa ban iya kallon mutum cikin ido ba. Sai waya ta zo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu, na wayi gari ina zaune ina gyara agogon kaina don kada hannu ya manta.

Ana cikin haka shekarar gudu ta zo. Ba sai na gaya wa manyanku ba, kun ga yadda mutanen Mubi da Michika da Madagali suka riƙa tsallako gada, wasu a saman tirela, wasu a ƙafa da yara a kafaɗa. Babu gidan da ba a sauki baƙi ba a unguwarmu ta Jambutu. Zaurenmu ya cika, ɗakin ajiya ya cika, ni kaina tabarmata ta koma gindin bishiyar mangwaro. Ba wanda ke zama wuri ɗaya. Da safe a ce yaran daji, masu bindigar da suka koro mutanen nan, sun kusa, da rana a ce ƙarya ne, da yamma wani ya rantse ya ga wanda ya gan su. Tayar keke ta fashe a kasuwa sai ka ga an watse an bar tumatir yana birgima. Uwarku ta ɗaure ƙunshin kaya ta ajiye bakin ƙofa, kullum ta kwance ta ciro tukunya ta yi girki, ta wanke ta sake ɗaurewa. Na tambaye ta ina za mu in an ce a gudu, ta ce ita ma ba ta sani ba, amma ba za ta je can ba tukunya ba.

Cikin baƙinmu akwai wani Yohanna, mai hoto daga Michika. Ya iso ba takalmi, amma da kyamararsa da 'yar firinta naɗe cikin bargo. A lokacin ko'ina shinge ne, kowane shinge sai an nemi katin shaida, kowane kati kuma sai da hoton fasfo, ga dubban mutane sun baro nasu a gida. Aiki na kiran Yohanna, amma tun abin da ya gani a hanya hannunsa bai daina rawa ba. In ya ɗauki mutum sai ya fito da hanci biyu. Wata rana ya zauna yana kallona ina zura ɗan ƙaramin sukuru cikin agogo, ya ce hannuna ko numfashi ba ya yi, mu haɗa, ni in riƙe shi ya nuna. Muka sami ɗan shago kusa da tasha, muka rataye farin ƙyalle da ja, muka ajiye kujera mara baya. Madannan kyamara ban sha wahalarsu ba, wanda ya san cikin agogo ba za su ba shi tsoro ba. Mutanen da ke kan kujerar su ne suka fi ƙarfina.

Mai hoto dole ya ba da umarni. Ɗaga kai, sauke kafaɗa, ja hula baya, rufe baki. Ni kuwa in dattijo ya zauna sai in ji harshena ya naɗe. In ce, ranka ya daɗe, in ba damuwa, ko za a ɗan taimaka a ɗago kaɗan. Kafin in gama ya amsa waya. Mata su ja mayafi har gira, in kasa cewa a ɗage, hoto ya fito mayafi da hanci, a kai ofis a koro shi. Wani Alhaji na ɗauke shi yana tsakiyar hamma, na ji kunyar cewa a sake, na wanke na ba shi. Ya duba ya duba, ya tambaye ni ko ina da wata sana'ar, na ce agogo, ya ce in riƙe ta da kyau.

Yohanna ya gaji da ni, ranar ya ce:

"Baba, kyamara ba ta jin don Allah. Mutum in ya hau kujerar nan tsoro yake ji, bai san yadda fuskarsa take ba. In kai ma kana jin tsoro, wa zai riƙe wani?"

Na ce na ji. Ban ji ba. Ba a daɗe ba 'yar uwarsa ta aiko ya same ta a Jos, ya bar mini kayan amana, ya ce in riƙe har hannunsa ya dawo. Na rage ni kaɗai da kujera. Na gwada koyon tsawa a gida, na zaunar da uwarku na ce ta ɗaga kai. Ta dube ni ta ce, ni da akuyar maƙwabta ke shiga zaure in tsaya ina mata sallama, yau ni ne mai ba da oda? Baƙi suka yi ta dariya, har wata tsohuwa da ba a ji muryarta ba tun isowarta. Na ce ko ba komai na yi maganin wani abu. Amma a raina na fara shirin naɗe kayan Yohanna cikin bargonsu.

Ranar da Hamidu ya shigo shagon ina zaune ne ina wannan tunani. Kun san shi, Hamma Hamidun nan mai tumbi da ke kawo muku kifi in ya dawo daga bakin kogi. A lokacin dogo ne siriri, direba, ɗan wani tsohon gida a cikin garin Yola. Ya ƙi zama, yana ta zagaya ɗan shagon da mukulli a hannu. Ya ce gobe zai ja motar maharba da 'yan banga da za su arewa, shi ya kai kansa, don ya san hanyoyin can tun yana yaron mota. Na ce fasfo yake so? Ya ce a'a, hoto yake so shi da mahaifiyarsa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya ce shi ne ɗan fari.

Sai na ajiye tsumman da ke hannuna. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tamu wasan yara ce a gaban ta Fulanin Yola na da. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi. Mahaifiyarsa, Dada Mairama, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in ya shigo gaisuwa ta juya wa bango fuska ta amsa a taƙaice kamar mai amsa wa mai tallan gawayi. In za ta yi maganarsa sai ta ce wancan. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Fulako ne, kuma a gidansu abin alfahari ne a ce mace ta tsufa ba ta karya shi ba. Na ba shi shawara irin ta matsorata, na ce in ɗauke su daban-daban, yaran kwamfuta na bakin kasuwa su manne su wuri ɗaya, ba mai ganewa.

"Ni zan gane," in ji shi. "Baba, ban san ko zan dawo ba. So nake ta zauna kusa da ni sau ɗaya, ko da ba ta ce komai ba."

Ya ce ya je wa masu hoto biyu na cikin Yola, duk sun san gidan, sun ce ba da su ba. Wato ni ya zaɓa don ba a san ni ba, kuma don ina da furfura. Ban taɓa jin an yabi gwanintata ta wannan hanya ba, amma na rataya kyamara muka hau keke mai ƙafa uku.

Tsakanin Jimeta da Yola ba nisa, amma ranar sai da muka sauka a kowane shinge muka ɗaga riga. La'asar ta yi kafin mu isa. Hamidu ya riga ya shirya dabararsa, ya ce wa gida hoton dangi za a yi gaba ɗaya. Mai gidan yayan Dada ne, Kawu Sa'adu, tsohon akawu mai farin tabarau, irin mutanen da ko tari suka yi sai ka ji kamar ka yi laifi. Aka shimfiɗa tabarmi gindin darbejiya, aka fito da kujeru, ƙanne da matan ƙanne da jikoki suka jeru. Dada Mairama ta fito a ƙarshe, 'yar siririya cikin farin mayafi, ta je can ƙarshen layi ta zauna a karkace, fuskarta wajen rumbu. Hamidu yana wancan ƙarshen a tsaye. Tsakaninsu mutum ya fi goma.

Na fara aikina na kullum. Ranku ya daɗe, ko za a ɗan matso. Aka matso da faɗin yatsa. Na danna, na sake dannawa, duk banza. Rana tana sauka bayan katanga, Kawu ya fara duba agogonsa, wanda ko daga nesa na ga yana gudu. Hamidu kallona kawai yake. Gumi ya jiƙa mini hula. Da na rasa inda zan sa idona, sai na yi abin da na saba, na sunkuyar da kai na dubi hannaye. Hannun Dada yana murɗa bakin mayafi, ta murɗa ta warware, ta sake murɗawa. Na bi idonta, na ga ba rumbu take kallo ba. Rana ta jawo inuwar Hamidu ta shimfiɗe ta a tsakar gida, doguwa, kan inuwar ya kai kusa da ƙafarta. Inuwar take kallo. Inuwa ai ba mutum ba ce, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

A nan na gane matar nan ba ƙi take yi ba. Wanda zai ɗauki laifin take nema, kuma duk gidan babu mai iya ɗauka, don gobe ma a gidan za su kwana. Ni kaɗai ne baƙo. Ban san daga ina muryar ta fito ba, na dai ji ta a kunnena kamar ta wani ɗan kamasho a tasha.

"Ke Hajiya mai farin mayafi, kin ɓata mini layi. Taso ki hau kujerar nan ta tsakiya. Kai dogo, kanka ya fita daga hoto, zauna ƙasa nan gabanta. Sauran duk ku ja gefe, hasken ya ragu, ba zai ɗauki mutum fiye da biyu ba."

Gidan ya yi tsit, har kajin suka tsaya. Wata daga cikin matan ta rufe baki da hannu. Kawu Sa'adu ya miƙe a hankali ya cire tabarau, ya tambaye ni ko na san da wa nake magana. Amma na riga na yi nisa. Na ce masa, ranka ya daɗe, in na sa ido a kyamara ban san kowa ba, haske kawai na sani. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Dada Mairama ta miƙe. Ba ta dubi kowa ba, ta yi magana da Hausarta ta mutanen Yola, kamar da iska take:

"Mai hoto ya ce. Aikinsa ne, a bar shi."

Ta zo ta zauna. Hamidu ya durƙusa ya zauna a ƙasa, dogon mutum ya naɗe kamar ɗan yaye. Ba ta kalle shi ba, ƙasa ta kalla. Amma da ta gyara zama bakin mayafinta ya zamo ya sauka a kafaɗarsa, kuma ba ta janye ba. Na ga ta san ya sauka. Na danna.

Ko ruwa ba a ba ni ba a gidan. Kawu ya raka ni har zaure da kansa, ba don girmamawa ba, ya ce kada ya sake ganin ƙafata a unguwar. Ya kuma cika alkawarin da bai faɗa ba, don kafin mako ya zagayo labari ya gama tsofaffin gidajen Yola cewa akwai wani tsohon mai hoto mara tarbiyya a Jimeta da ke ce wa iyayen mutane ke. Har na bar sana'ar ba a taɓa kirana biki ko suna a wannan ɓangaren ba, kuma can ne ake bukukuwan da mai hoto ke dawowa da naman kaza a leda. Uwarku ta ce shekara da shekaru tana jira in yi tsawa, da na tashi yi sai na yi wa wadda ta fi kowa daraja.

Da asuba Hamidu ya biyo ya karɓi nasa, ya sa a aljihun ƙirji. Na wanke babba na ce ya kai gida, ya ce ba bangon da zai karɓe shi a can, Kawu ba zai bari ba, ita kuma ba za ta iya ajiyewa ba. Sai na sa shi a firam na rataye a shago, a bangon da ke bayana in na tsaya ɗauka, sama da kaina kaɗan, a matsayin samfurin aiki.

Daga ranar na zama azzalumi. Wanda ya ce wa Dada Mairama taso, tsoron wa kuma zai ji? Ɗan sanda ya zauna na ce ya cire hula ya daina hararata, ba ni na kashe masa aure ba. Alhajin nan mai hamma ya dawo, na ƙwace wayarsa na ajiye a tebur na ce in ya motsa zan sake ba shi irin na farko. Mata in ce a ɗage mayafi zuwa goshi, ofis ne ya ce, ni ma na ce, sai ka ga an ɗage ana murmushi. Abin mamaki, ba wanda ya yi fushi. Layi ya riƙa kaiwa bakin titi. Na lura mutum in ya hau kujera so yake a karɓe masa nauyin fuskarsa na ɗan lokaci, a ce masa yi kaza, in ya fito da kyau nasa ne, in ya fito da muni na mai hoto ne.

Amma ta wajen Hamidu shiru. An yanke sabis a can, wayarsa ba ta shiga. Labari sai na tasha, kowace mota da nata: an ci gari, an yi kwanton ɓauna, an ga mota a ƙone ba a san ta wa ba. Kullum in na buɗe shago sai na dubi hoton, in fita in zagaya tasha in dawo ba abin da na samo.

Wata Talata da hantsi keke ya tsaya, farin mayafi ya sauko. Ita kaɗai, matar da aka ce ba ta tsallake unguwarsu sai da dalili mai ƙarfi. Ta ce daga asibiti take, an ce ta kawo fasfo. Ba ta nuna ta taɓa ganina ba, ni ma haka. Ta hau kujera, na ce duba nan. Ta ɗago, amma idonta ya wuce kyamara ya haye saman kaina. Har na buɗe baki zan ce sauko da ido, don lokacin bakina ya saba, sai na tuna abin da ke bangon bayana. Na rufe bakin. Na ce batir ya yi sanyi, kada ta motsa, kada ta sauke kai, in ta sauke sai mun sake daga farko. Na buɗe kyamara na rufe, na goge gilashi, na hura, na sake gogewa. Ita kuwa tana zaune kyam, tana bin umarnin mai hoto.

Talata ta gaba ta dawo, wai na farkon sun ɓace. Ta gaba kuma na ƙungiyar mata ne. Daga baya ta daina kawo dalili, ni ma na daina tambaya. Ta zauna, in ce duba nan, batir ya mutu, in yi ta fama da shi. In mutane na jira a waje su yi ta gunaguni wai tsoho ya sayi sabon batir mana. Ko sau ɗaya ba mu ambaci wancan ba. In na gama ta ƙulle hotunan a bakin mayafi, ta yi godiya da Fulatanci, useko mai hoto, ta tafi. Uwarku da ta ji labari ta ce, wannan baiwar Allah katin shaida nawa za ta yi? Sai kuma ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Cewa ranar Talata Hamidu ya dawo, wannan ba dabarata ba ce, ta Allah ce. Abin da ya biyo baya ne nawa. Da safe ina shara na ga mutum a bakin ƙofa, baƙi wuluk, gemu ya cika fuska, yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Sai da ya ce Baba na gane shi. Saukarsa ke nan a tasha, waya ta daɗe da faɗawa ruwa, gida ba su sani ba. Ya ce in ba shi ruwa ya wanke fuska kada ya shiga gida haka. Ya ciro hoton aljihunsa, gumi da ruwa sun cinye shi, sai farin mayafi kawai ake ganewa.

Na san abin da zai faru in ya tafi. Za ta ji sallamarsa daga zaure, ta shige ɗaki, ta aiko masa da fura ta hannun wata, ta yi kukanta tana fuskantar bango. Gida zai cika da 'yan barka, kowa ya kalle shi son ransa ban da ita. Na ce ya shiga bayan jan ƙyallen nan ya zauna. Ya ce Baba, gida za ni. Na ce ban tambaye ka ba, zauna. Na gaya masa abin da ke kawo ta duk Talata. Ya shiga ya zauna a kan bokiti, na ji yana jan hanci.

Ban taɓa jira mai tsawon wannan ba. Hantsi ya yi, ba ta zo ba. Na kori masu fasfo na ce wuta ta lalace. Na fita bakin titi, na dawo, na sake fita. In ba ta zo ba, na hana mutum zuwa wurin uwarsa a banza. In ta zo ta gan shi ta faɗi, Kawu Sa'adu zai sa a ɗaure ni, kuma da gaskiyarsa. Har na ɗaga ƙyalle zan ce tashi ka tafi, sai na ji keke ya tsaya.

Ta hau kujera kamar kullum. Ina goge gilashi na ce, kamar mai hira da kansa, an ce motar maharba ta shigo tasha yau da safe, direbanta lafiyarsa lau, sai rama da gemu. Hannunta da ke murɗa mayafi ya tsaya cak. Na ba ta lokaci ta yi numfashi. Sannan na ce duba nan, kada ki motsa, kada ki sauke kai. Na yi gyaran murya. Hamidu ya fito ya tsaya a bayana, daidai ƙarƙashin hoton, kansa ya wuce nawa.

Ba ta faɗi ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta dube shi. Daga goshi ta fara, ta sauko kan gemu, ta koma ido. Hawaye suka zubo ba ta share ba, don mai hoto ya ce kada a motsa. Ni ina duƙe a bayan kyamara, bayana ya ƙage, ban yarda na yi tari ba. Can ta yi magana, da ni, idonta bai bar inda yake ba.

"Batir ɗin ya mutu ne yau ma?"

Na ce ya mutu, Hajiya, sai an yi haƙuri.

"To, a yi a hankali. Ba na sauri."

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, ni da na ƙare rayuwata a kan agogo. Da na ga leɓenta ya fara rawa, na san ta kusa kai iyakarta, sai na danna. Ƙarar ta sa ta sauke kai, ta ja mayafi, ta koma Dada Mairamar da kowa ya sani. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ba mu baya, ta ce in gaya wa mutumin da ke bayana ya aske gemun nan kafin ya shigo gida, kada ya tsorata yara. Ta hau kekenta, shi ya je wajen wanzami ya hau nasa daban.

Ba ta sake zuwa ba, ko hotunan ranar ba ta aiko an karɓa ba. Da hannuna na kori wadda ta fi kowa zuwa shagona. Hamidu ya ɗauki ɗaya, ya kuma sauke babban na bango ya kai ɗakinsa, ni na faɗaɗa na ranar na riƙe, shi ne wannan na saman rediyo. Ya ce har ta rasu ba ta kira sunansa ba, kuma bai ƙara nema ba. Kawu Sa'adu kuwa har ya koma ga Allah in mun haɗu a jana'iza sai ya cire tabarau don kada ya gan ni. Da ƙura ta lafa Yohanna ya zo ya karɓi amanarsa, hannun ya dawo ko da ba duka ba, na sayi tawa kyamarar. Na yi shekaruna ina yi wa manya tsawa, har wayar nan da ta kashe mini agogo ta biyo ni ta kashe hoto, yanzu kowane jikana mai hoto ne, yana ɗaukar kansa da baki a tsuke.

Saboda haka ba kuskure ba ne, kuma ba ƙadangare take nema ba. Duk abin da na ɗauka a rayuwata, wannan kaɗai ne mai shi ta kalli inda ya kamata. In kun gama fentin bana, ku goge gilashin da tsumma mai taushi, ku mayar da shi kan ƙusarsa saman rediyo, kada ya karkace. Ba roƙo nake ba. Mai hoto ya ce.